Gadon Da Na Ja Kamu Uku

Salamu alaikum, masu karatu. Mai tuwo a wuta ta je ta sauke tukunna, ba zan ɗauki alhakin ƙauri ba. Sunana Asama'u, ɗiyar Malam Bunyaminu na Kende a ƙasar Bagudo, kuma yau ƙaryar da na yi wa mijina tun kafin ya zama mijina zan tona. Shekara sittin da 'yan kai ina riƙe da ita. Duk waɗanda za su ji kunya sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, ni kuwa kunyata ta zube tare da haƙorana.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina da sha tara. A lissafin Kende na lokacin na kusa zama abin nuni, don sa'o'ina har da masu goyo na biyu. Ba manema na rasa ba. Na kori mai jirgin fito saboda in yana dariya sai ya dafa ni, na kori ɗan sarkin pawa saboda duk zancensa bai wuce kitse ba. Goggo Kubura, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun rasuwar innata, ta ce in ci gaba da zaɓe, wata rana kuka da tsamiyar bakin gari za su rage mani.

Sai ga Maidawa. Tunda ba ya duniya zan faɗi sunansa sau ɗaya, Allah ya jiƙansa, daga nan kuma Kofur zan riƙa cewa yadda kowa ke ce masa. Mutumin Dendi ne daga bayan iyaka, ƙasar Dahomi da muke ce wa Faranshi. Ya yi wa Faransa soja shekara huɗu a wata ƙasa mai nisa da yake kira Andoshin, ya dawo da igiya biyu ta kofur da keken ɗinki, ya zo Bagudo ya gina zaure da ɗaki ɗaya ya zama tela. Dogo ne, baƙi, kullum rigar kaki mai karin guga, jar dara a ka, agogo a hannu. Na kai masa ɗinkin riga ranar kasuwa. Bai taɓa ni da igiyar awo ba, ya dube ni sau ɗaya ya rubuta. Rigar ta zauna mani cif. Wallahi a nan na faɗa, ba sai na yi maku kwana-kwana ba.

Babana ya yarda, don an bincika an ce yana salla kuma ba ya shan komi. Goggo ce ta tashi.

“Soja?” ta ce. “Ke Ma'u, duk mazan ƙasar ga ki rasa wanda kika gani sai soja?”

“Goggo, ai ya bari. Tela ne yanzu.”

“Soja ba ya dawowa. Gangar jikinshi ka dawowa.”

Na san inda maganar ta fito. Mijinta Namadi ya je yaƙin Bama ya dawo ina 'yar ƙarama. Abin da na tuna da shi, mutum ne zaune kan turmi a tsakar gida, idanu jajur, ba ya cewa komi. Shekara huɗu a haka. Wata safiya ya ɗauki jirgi ya shiga kogin Kwara, da azahar jirgin ya dawo bakin gaɓa shi kaɗai. Goggo ba ta sake aure ba, ba ta kuma sake ambaton sunansa ba. Abin da ya bar mata madubi ne da ya zo da shi daga can, mai tsawon hannu, da katako mai zanen furanni a gefe. Babu irinsa a Kende.

Da ta ga na kafe sai ta ce to, amma jeren ɗakina ita za ta yi da hannunta, kuma ranar da ta ga abin da bai gamshe ta ba za ta kwashe kayanta da ɗiyarta. Babana ya ce shi ke nan. Bai taɓa musu da Goggo ba tun suna yara, kuma bai ga dalilin farawa a kaina ba.

Ku yanzu kuna da waya, saurayi ya turo maku kalmomi har da hoton zuciya. Mu Jummai muke da ita, mai kai kifi banda daga Kende zuwa kasuwar Bagudo. Kofur yakan ɓare takardar da ke manne a turmin atamfa, ya rubuta ajami da fensir a bayanta, Jummai ta soke a gefen kwando. Duk saƙonsa da ƙaurin kifi yake iso mani. Na farko na shiga bayan rumbu na buɗe.

“Asama'u, gaisuwa. Gadonki kamu nawa ne tsawo?”

Shi ke nan. Na juya takardar ko saura na baya. Hoton laima ne a bayan. Na je na auna gadon ƙarfen da Goggo ta saya tun ina sha huɗu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, na rubuta masa kamu huɗu. Na ƙara da cewa ina fata yana lafiya, ko zai gane hanya.

Bayan mako: “Ina lafiya. Kina da madubi? Babba ko ƙarami?”

Na ce a raina, yawwa, sayo mani zai yi. Na rubuta ƙarami ne, na murfin hoda, har ya tsage. Ya amsa: “Madalla.”

Madalla fa, jama'a.

Na uku shi ne dogo, har takarda biyu ya ci. Na haddace shi don na karanta ya fi sau talatin ina neman inda sunana zai fito da wata kalma mai daɗi kusa da shi.

“In an zo jere a sa kan gado ga bango inda babu taga. Kada ƙafa ta kalli ƙofa. Kada a cusa kaya ƙarƙashi. Kada a rataya komi saman kai. In akwai madubi kada ya kalli gado. Na yi alama da gawayi a ƙasa. Don Allah ki faɗa ma Goggo.”

Na iske Goggo tana goge tasoshi da toka da tsamiya, ta jera su a rana suna ɗaukar ido. Na tsuguna nesa kaɗan, inda hannunta ba zai kai ba.

“Goggo, wai ya ce in an zo jere...”

“Wa?”

“Shi.”

“Shi wa? Shi yana da yawa.”

“Kofur. Wai gadon kada a sa shi saitin ƙofa.”

Ta ajiye tasar a hankali. In Goggo ta ajiye abu a hankali, mai wayo tashi yake yi.

“Tela ne zai koya mani jere? Jere talatin da ɗaya na yi tsakanin Kende da Sharabi, babu ɗaya da anka kwashe. Gadon da ba a gani daga ƙofa, don wa anka saye shi? Don ɓeraye? Ki ce mai in yana son jere shi ɗaura zane shi zo, akwai wuri.”

Ban kai ga maganar taga ba, balle madubi.

Saƙo na huɗu gajere ne: “Kin faɗa? Ta yarda?”

To ga ƙaryar. Na rubuta: “Na faɗa. Ta yarda.” Rabi gaskiya ne, rabin kuma na bar wa Allah. Tsoro na ji kada ya ce ya fasa. Kuma na ɗauka iyayi ne irin na waɗanda suka zauna da Nasara, da ya gan ni cikin lalle da murjani zai manta inda ƙafar gado ta kalla. Amsarsa ta zo ranar kasuwa ta gaba: “Fofo, na gode. Kin sauke mani nauyi.” Wannan ce wasiƙar soyayya kaɗai da na samu, kuma ƙarya ce ta jawo mani ita. Na ƙulle ta a bakin kallabina.

Amarya ba ta zuwa wurin jerenta, sai an kai ta take gani. An kai ni ranar Lahadi da yamma, lulluɓe da saƙi, hannu da ƙafa baƙi wuluk da lalle, jigida har tana hana ni numfashi, an tuttula mani turare ɗan goma. Na ɗaga lulluɓi kaɗan na leƙa.

Mata sun yi sabon daɓe da makuba, sumul, har yana sheƙi. Alamar gawayin Kofur tana ƙarƙashi. Gadon yana tsakiyar ɗaki, katifar rimi biyu a kai, matasai shida, ƙafarsa saitin ƙofa ta yadda wanda ke tsakar gida ma zai ga ƙulluttukan tagulla. Kansa daidai taga. Ƙarƙashinsa an cusa kwalla da fanteka da kumbuna, ko kyanwa ba za ta ratsa ba. A sama an ja igiya an rataye faya-fayi da ƙore masu zane, suna lilo bisa matashin kai. A bangon da ke fuskantar gado kuwa, gefen ƙofa, ga madubin Namadi.

“Na ba ki,” Goggo ta ce a kunnena. “Ba ni da abin da ya fi shi.”

Na fashe da kuka. Mata suka rangaɗa guɗa, wai amarya ta ji daɗi. Na ji daɗin kuwa, don na san abin da madubin nan yake a wurinta. Sauran kukan na abin da na sani ne ni kaɗai. Kada ku ce da gayya ta yi. Ba ta ji ko rabin saƙon ba, haka dai ake jere tun kakanni, kuma a gidanmu in an jera ba a taɓa ko ludayi sai ranar bakwai da dangi za su dawo. Amaryar da ta ɗaga kayan jerenta da hannunta kafin nan, ana cewa ta kira wa kanta kwashe kaya.

Da abokan ango suka sayi baki suka watse, Kofur ya zo bakin ƙofa cikin farar riga 'yar shara. Ya tsaya. Ya dubi gado, ya dubi taga, ya dubi ƙore. Ya ɗan leƙo ya ga madubi.

“Sannu da zuwa,” ya ce.

“Yawwa.”

“An yi jere.”

“An yi.”

“Ya yi kyau.”

Ya juya ya koma zaure. Ni kuma na kwana da matasai shida.

Haka Litinin, haka Talata. Da safe zai zo bakin ƙofa ya gaishe ni da ladabi kamar wanda ya zo gaida matar maigidansa, ya tambaya ko akwai abin da nake so, ya koma kan kekensa. En'e ta ba shi ɗinkin ƙananan tutoci, kore fari kore, na 'yan makaranta, don Asabar mai zuwa za a yi bikin mulkin kai. Keken nan ba ya tsayawa. Ranar Laraba ya ɗinka tuta ashirin fari a gefe, sai da ya farke. Ranar Alhamis ya haɗa hannun rigarsa da tuta ya ɗinke. Idanunsa kuwa sun koma irin waɗanda na sani a kan turmi.

A Bagudo katanga ba ta tare magana. Maƙwabta suka fara shigowa aron wuta da rana tsaka, murhunsu na ci. Wata ta ce an yi masa asiri, wata ta ce yaƙi ya lalata shi, wata ta dube ni sama da ƙasa ba ta ce komi ba, ita ce ta fi ba ni haushi. Maganar ta hau jirgi ta isa Kende. Ranar Juma'a da hantsi Jummai ta shigo, ko kwando ba ta sauke ba.

“Goggonki ta ce in faɗa maki kamar yadda ta faɗa. Gobe bakwai tana tafe da jaki. In ta iske sojan nan bai kwana ɗakin ga ba, za ta kwashe kayanta da ɗiyarta, ko Gwamna ya zo ba shi hana ta.”

“Gwamnan ma gobe zai tafi,” na ce.

“Shi ya sa,” in ji Jummai.

Da aka sauko daga masallaci na zuba tuwon shinkafa da miyar kifi, na yafa gyale na kai masa zaure da kaina. Amarya ba ta fita kafin bakwai, amma zaure ai cikin gida ne, haka na yanke wa kaina hukunci. Na ajiye kwano na ƙi tashi.

“Kofur, ƙina kake yi?”

Ya tsayar da keke. “A'a.”

“To mene ne? Gobe Goggo za ta tafi da ni.”

Ya dubi allura. “Kin ce ta yarda.”

“Na ce.”

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya murza idanunsa da bayan hannu, ya fara magana da Hausarsa mai tafiya sannu.

“A Andoshin ba ka sanin ta inda za a shigo. Akwai ɗan garinmu, Ɗanaudu, gadonshi na kusa da nawa, kanshi ga taga. Ta tagar anka zo mai. Ni ban ji komi ba sai da safe. Daga ranar na bar barci. Sunka kai ni asibitin soja a babban birni, wata guda, ƙwaya iri-iri, a banza. Akwai wani tsoho ɗan ƙasar Sin mai wankin zannuwan asibiti. Kullum in ya zo sai ya dubi gadona ya girgiza kai. Rannan ya ajiye kayan wanki, ya kama gadon ina bisa, ya ja shi zuwa kusurwa. Ya fidda akwatina daga ƙarƙashi. Ya rufe gilashin kabad da zane. Ya nuna mani da hannu: kai ga bango, ido ga ƙofa, amma ƙafa ban da ƙofa, don ta nan ake fidda gawa. Ya ce iliminsu ne na tun dauri, na yadda ake zama da ɗaki.”

“Sai me?”

“Sai na farka jibi.”

“Ba tsafi ba ne?”

“Na tambayi malami da na dawo. Ya ce ka yanka wani abu? Na ce a'a. Ka kira sunan wani? Na ce a'a. Ya ce to jan gado ne, je ka.”

Jikokina sun ce wai abin har suna gare shi a littafi, fenshuwi ko mene ne. Ni ban san gaskiyarsa ba, ban kuma ce ku gwada ba. Abin da na sani, ɗakin da aka jera mani shi ne ɗakin da yake kwana kafin in zo, a 'yar kusurwar da ya gina ba taga don kansa. Ya ba ni. Zauren kuma ƙofa biyu gare shi suna kallon juna, ko gyangyaɗi ba ya iyawa a ciki.

“To ka shigo ka rufe ido mana, ko ba barci, don bakin mutane.”

“Madubin,” ya ce. “In na farka na ga mutum ya motsa, kafin in gane ni ne hannuna ya riga ya kai wuyan na kusa da ni. Na taɓa yi ma wani a bariki, da ƙyar anka ɓamɓare ni.” Ya ɗago ya dube ni. “Na kusa da ni yanzu ke ce.”

Ni da na yi wata uku ina juya takardar atamfa ina neman kalma mai daɗi, ga inda ta fito, a kan tuwo yana hucewa. Na ji son mutumin nan ya cika mani ƙirji har na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi kan miya.

“Ka ja gadon,” na ce.

“Ango ba ya taɓa jere. Ko a Dendi.”

“In ni na ja fa?”

“Kin san abin da ake cewa.”

“Na sani. Ci tuwonka.”

Asabar da hantsi gari ya kwashe zuwa filin makaranta. Kofur ya ɗauki tutocinsa a buhu ya tafi yana tangaɗi kamar mai zazzaɓi. Maƙwabta masu aron wuta duk sun tafi kallo. Na tuɓe atamfar amarci, na ɗaura tsohon zane a ƙirji, na yi bisimilla.

Na ce a raina, in ban taɓa ba Goggo za ta kwashe, in na taɓa an ce na kira kwashewa. Tunda duk hanyar jaki ɗaya ce, gara a ɗora ni bisa laifin da na yi da hannuna.

Na fara da ƙarƙashin gado. Kwalla, fanteka, kumbuna, tasoshi, duk na fito da su tsakar gida na tara gindin ɗorawa. Na hau kujera na kwance igiyar ƙore. Na sauke katifu. Sannan na kama gadon. Ku da kuke da gadon katako mai taya ba za ku gane ba. Ƙarfen nan ya yi kuka, ni ma na yi, ƙafafunsa huɗu suka tsaga sabon daɓen Goggo layi huɗu. Ban san iyakar inda zan kai shi ba sai da na duƙa a kusurwa na ga ɗan baƙin zane a gindin bango, inda makuba ba ta kai ba. Na tura kan gadon ya zauna daidai nan. Da na auna daga inda yake dā, kamu uku ne. Aurena gaba ɗaya a kan kamu uku yake rataye.

Madubin na bari ƙarshe. Na sauke shi da hannu biyu, na naɗe da zanen saƙina, na jingine shi cikin kwanuka a waje. Na mai da katifa ɗaya, matashi biyu, na share ɗakin.

Ina cikin wanke hannu maharba suka fara sakin bindigogi a fili. Ba a jima ba sai ga Kofur ya faɗo gida ba sallama, ba hula, fuskarsa ta yi toka, sauran tutoci uku a hannunsa. Ya nufi lungun zaure zai tsuguna.

“Kofur, zo ka ga wani abu.”

Ya ga kwanuka a waje, ya dube ni. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya dubi kusurwa, ya dubi sama, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya dubi ƙusar da babu komi a kanta. Sai ya ɗaga ƙafa ya shigo ɗakina, ranar bakwai, da rana tsaka.

“Bari in cire takalmi,” ya ce.

Ya zauna bakin gado ya cire ɗaya. Ɗayan bai samu ba. Ya kishingiɗa ta dama, tutoci a ƙirji, aka sake sakin bindiga har ƙore suka amsa a tsakar gida, ko gezau. Na tsaya ina kallon angona yana minshari, ƙafa ɗaya da takalmi.

A haka na ji kukan jaki a ƙofar gida.

Goggo ta shigo cikin baƙin saƙi da farin mayafi, mata biyu na bayanta da igiyoyi. Ta ga kaya tare a tsakar gida, ta ga ni da tsohon zane, gumi sharkaf.

“Alhamdu lillahi,” ta ce. “Kin rage mani aiki. Ya sake ki ko ke kika gaji? Ku ɗaure. Ina takardar?”

“Goggo, a hankali. Barci yake.”

“Wa?”

“Shi.”

Wannan karon ba ta ce shi wa ba. Ta ture ni ta leƙa. Ta ga tsagar daɓenta, ta buɗe baki, sai idonta ya kai kusurwa.

“Mutuwa ya yi?” ta ce ƙasa-ƙasa.

“Barci ne.”

“Cikin bindigogin ga?”

“Kwana shida bai runtsa ba.”

“Mi kika ba shi?”

“Ban ba shi komi ba. Gado na ja.”

Muka koma gindin ɗorawa. Na durƙusa na faɗa mata duka, da saƙon da ban ƙarasa mata ba, da ƙaryar da na rubuta, da Ɗanaudu da taga, da tsohon mai wanki. Ina jiran mari. Da na zo kan madubi, na ce in ya farka ya ga mutum a ciki ba ya gane kansa, sai na ga Goggo ta nemi turmi ta zauna.

Ta jawo madubin ta ɗora bisa cinya, ba ta kwance zanen ba.

“Gaban gado na rataye shi,” ta ce. “Ni da hannuna, ranar da ya dawo. Don duk wanda ya shigo shi ga abin da mijina ya kawo mani.” Ta shafa zanen. “Sau ɗaya ya ce, Kubura, ɗauke abin ga. Na ce ka ɗauko shi tun daga Bama don in ɓoye? Bai sake faɗi ba. Namadi ba ya faɗin magana sau biyu.”

Shekara goma ke nan rabon da in ji sunan a bakinta. Na ce, “Goggo, ba a sani ba ko shi ne. Wataƙila ko an ɗauke...”

“Ba a sani ba,” ta ce. “Ban ɗauke ba balle a sani.”

Ba ta yi kuka ba. Ni na yi mata.

Matan nan biyu na tsaye da igiya, ɗaya ta ce, “To Kubura, mu ɗaure ko mu bari?”

“Ku ɗaure mi? Ku mai da kayan inda ta nuna maku. Wadda ta bari kwano ya yi ƙara ni da ita.”

Muka jera kwanuka a bangon nesa da gado, muna tafiya da yatsun ƙafa. Goggo kuwa ta ja tabarma ta zauna bakin zaure. Dangi suka iso bikin bakwai da masu kalangu, ta tare su tun daga waje. Maroƙi ya ɗaga murya zai wasa ango, ta ce ya je fili ya wasa mulkin kai, nan gidan ana barci. Wata ta ja numfashi za ta yi guɗa, Goggo ta dube ta, ta haɗiye. Haka aka yi bakwai ɗina, mata ashirin a tsakar gida suna cin tuwo da raɗa.

Da la'asar ta yi sanyi Goggo ta tashi. Jakin ya koma ba kaya. Ta saɓa madubin a hammata, fuskarsa ga jikinta, ta ce wannan ita za ta tafi da shi, za ta aiko mani da tasa biyu a madadinsa. Na raka ta har bakin zaure. Kofur bai ko juya ba, kuma ba zai juya ba sai Lahadi da azahar.

Ta sa ƙafa ɗaya waje, ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

“Kai ga bango, kika ce?”

“Ga bango, Goggo. Inda ba taga.”

“Ƙafa ban da ƙofa.”

“Ban da ƙofa.”

Ta gyara madubin a hammata.

“In kin samu fita, ki zo Kende ki ja mani nawa,” ta ce. “Ni ma tun ranar da jirgin nan ya dawo ban yi na kirki ba.”